Kokowar Da Aka Cire Wa Ƙasa

Ku yaran yanzu, ku ajiye wayoyin nan ku ɗago kai. Wuyanku duk ya lanƙwashe kamar na kaza mai neman tsaba. A gaishe ku ba ku ji, a aike ku ba ku dawowa, amma in aka zo maganar abin da za ku yi gobe, bakinku ya fi na kowa faɗi. Ban hana ku wasa ba. Abin da na hana shi ne mutum ya ce ya iya alhali bai iya ba, sannan ya sa hannu a abin da ba nasa ba. Wanda bai gane ba, ga labarin jikana Mai Nasara. Sunan ba ni na zaɓa ba.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ne, aka rufe iyaka, aka yanke kuran, wato wutar lantarki, daga Najeriya. Mu a ƙauyenmu na gefen Kona yankewar ba ta dame mu ba, don ba mu taɓa ganin kuran ɗin ba. Abin da ya dame mu damina ce. Ruwa ya zo da wuri, ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Abin da muka girbe bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Amma kafin a kai komai turmi, na shiga gona da kaina, na zaɓi zangarniyar da ta fi cika, na ɗaure, na sa a ƙaramin rumbun bayan ɗakina, na ɗora jinka na tamke da igiya. Iri ne. Irin maigidana ne, Allah ya jiƙansa, ɗan gajere mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya yi rowa yakan bar wa mutum wani abu. Mun sha yunwa a gidan nan ban taɓa shi ba. In babu shi babu shuka, in babu shuka sai mu kulle gida mu bi hanya kamar waɗanda suka riga mu.

A wannan rani Mai Nasara ya dawo daga Maraɗi. Ya yi daminar a can, a rumfar wani mai cajin waya, mu muna nan muna noma. Ya dawo da tabarau, da wata ordinatar, kwamfuta ke nan, mai fasasshen gilashi da aka ɗaure da roba. Bai kawo ko sabulu ba.

"Iya," in ji shi, "daga yau Direkta za a riƙa kirana."

"Direktan mi?"

"Wasan bidiyo nake ƙerawa."

"Ana ci?"

"Bugawa ake yi, a waya. Duniya duka za ta buga."

"To duniya ta zo da abincinta," na ce, na ci gaba da tankaɗe dussa.

A hankali na gane yadda abin yake. Akwai wata ƙungiya a cikin waya, yara maza da mata daga Yamai da Damagaram da Maraɗi da Kano har Dakar. Ba su da kamfani, ba su da maigida. Kowa na ƙera ɗan wasansa a ɗakin uwarsa, in ya maƙale ya tambayi sauran su nuna masa. Wannan ban ga laifinsa ba. Gayya ce, sai dai babu hauya. Mai riƙe da su wata yarinya ce a Maraɗi, Lailatu. Na san muryarta, don Mai Nasara ba ya sauraron saƙo sai ya buɗe shi kowa ya ji, saboda a san ana kiransa daga birni.

"Mai Nasara," in ji muryar, "tunda yanzu ka fara, yi ƙaramin abu. Ka sa ƙwallo ya faɗo ƙasa ya tashi. In ya tashi ka turo mu gani."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kin ji, Iya? Ƙwallo. Ni za a ce wa ƙwallo."

"Ka iya ƙwallon?"

"Na wuce shi."

"Ta ina ka bi ka wuce shi?"

Ya ce shi kokowa zai ƙera, da ƴan kokowa na gaske, da makaɗa, da kirari, yadda Bature zai ajiye nasa ya ɗauki namu. Ya sanar a majalisa, ya sanar a bakin rijiya, ya sanar a wurin wata jana'iza har sai da aka ce ya matsa.

Rezo, wato iskar da waya ke sha, ba ya kamawa a ƙauyenmu sai a wuri mai tudu. Mai Nasara ya gwada ko'ina, ya gano babu inda ya kai saman ƙaramin rumbuna. In na kore shi da muciya ya sauka, in na juya ya koma. Wata rana ƙafarsa ta burma cikin jinka. Ya sauko shiru, ya nemo ciyawa, ya gyara da hannunsa. Wannan ya kamata ya tsorata ni, don tun da aka haife shi bai taɓa gyara abin da ya ɓata ba. Ranar ya ga irina. Ni ban sani ba sai can gaba, amma ku ku riƙe.

Ya ga wani bidiyo inda ake sa wa mutum baƙaƙen kaya, a manna masa fararen ƙwallaye a gaɓoɓi, na'ura ta kwafe motsinsa ta sa a cikin wasa. Ƴan ƙungiya suka ce masa ba ya bukata, ya zana ɗan mutum da sanduna ya isa. Ya ce sanduna na masu ƙaramin tunani ne. Baƙaƙen kaya babu, amma akwai baƙin tukunya. Fararen ƙwallaye babu, amma akwai dawo. Dawo kuwa sai da gero. Sai ya ɗebi zangarniya daga rumbuna ya kai wa Habsatu mai fura, ya ce Iya ce ta aiko, ta sussuke ta daka ta cura ƙanana ƙanana.

Da hantsi ina dawowa daga rijiya na tarar da taro a fili. A tsakiya ga Dodo, ɗan kokowar ƙauyenmu, ƙato wanda gwiwarsa ba ta san ƙasa ba sai a salla. An shafe shi da baƙin tukunya da man gyaɗa tun daga wuya har idon sawu, layunsa na rataye, an manna masa curin dawo a kafaɗu, a gwiwar hannu, a ƙugu, a gwiwoyi, da ɗaya a tsakiyar goshi. Mai Nasara na zagaya shi da waya.

Na sauke tulu. "Kai! A wannan shekarar ake manna wa ƙato abinci a jiki? Geron wa ye wannan?"

"Na kamfani ne, Iya."

"Allah ya isar wa mai shi."

"Amin," in ji shi. Da bakinsa ya ce amin.

Ya juya wurin Dodo. "To, ka sunkuya kamar za ka kama. Ka buɗe hannu. Kada ka kalle ni, kalli duniya."

Dodo ya kalli duniya. Abin da ya gani awaki ne.

Awakin ƙauyenmu a ranin nan har takarda suke ci, har igiyar shanya. Sun ji ƙamshin gero. Ta farko ta zo da ladabi ta cire na gwiwar hagu. Ta biyu ba ta yi sallama ba. Kafin a ce wani abu garke ya rufe shi, kaji na bin ƙasa suna tsince abin da ya faɗo. Dodo na kaɗa hannu ta baya yana juyi yana cewa, "Kai! Tir! Ku kore su mana!"

"Kada ka daina!" in ji Mai Nasara. "Motsi ne mai kyau! Na'ura na sha!"

Sai bunsurun maigari, wanda bai samu komai ba saboda an riga shi, ya ja da baya, ya auna, ya zo ya daki Dodo a bayan gwiwa. Gwiwar ta sauka ƙasa. Duka biyun.

Dodo ya miƙe a hankali, ya dubi mutanen da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi sama yake kallo ko akwai hadari. Ni dai na ɗauki tuluna. Ya kama Mai Nasara a wuyan riga ya ɗaga har ƙafafunsa suka bar takalma.

"Abin nan ya shiga wayarka?"

"Zan goge, Yaya Dodo."

"In wani ya gani, zan naɗe ka kamar tabarma."

"Ba wanda zai gani. Kuma na yi maka alkawari, a cikin wasan nan ba za ka taɓa faɗuwa ba. Ko wa ya kama ka. Har abada."

Dodo ya yi tunani, ya mayar da shi cikin takalmansa. Mai Nasara kuwa bai goge ba. Ya ce min wai kayan aiki ne.

Labari ya kai kasuwar Kanan-Bakashe cewa an sa Dodo a na'ura, duniya za ta gan shi. A can kuwa akwai Na Allah, wanda shi da Dodo sun sha kamawa ba a taɓa samun kaye ba, kullum sai alƙali ya raba. Washegari ya iso ƙauyenmu da makaɗinsa, ya tsaya a ƙofar gidana.

"Iya, ina kwana. Ina yaron da ke sa mutane a waya?"

"Yana saman rumbu. Ka ɗauke shi duka."

Mai Nasara ya sauko yana gyara tabarau. Na Allah ya ce, "An ce ka sa Dodo. Da wa zai kama a ciki? Da inuwarsa?"

"Daman kai nake jira, Yaya. Wasan nan don kai aka ƙera shi."

Aka sake kai wa Habsatu zangarniya. Wannan karon aka yi a cikin zauren makwabci, aka rufe ƙofa saboda awaki. Amma Na Allah ya taho a ƙasa tun asuba bai karya ba. Ina jin su ta katanga.

"Yaya Na Allah, ina na kafaɗar dama?"

"Ya faɗi."

"A bakinka ya faɗi?"

"Manna wani, yaro, ka rage surutu."

Ana mannawa yana cirewa yana ci. Da aka gama ya lashe gwiwar hannunsa, ya ce, "Na ji ka yi wa Dodo alkawari."

"Maganar fatar baki ce."

"To ni ba na fatar baki nake so ba. Ni ma ba na faɗuwa. Ka faɗa a gaban makaɗina."

Ya faɗa a gaban makaɗi. Makaɗin kuwa ya sa a waƙa tun kafin su fita gari.

Daga nan kowace safiya sai sun zo gwaji, ɗaya ya fita ɗaya ya shigo, kowa sai an dama masa fura, don Mai Nasara ya ce haka manyan kamfanoni ke kula da taurarinsu. Ni ina ta mamakin kamfanin nan mai gero a shekarar fari. Ina kuma yaba yadda jinkar rumbuna kullum take a gyare.

Da aiki ya yi nisa sai ya gane ramin da ya haƙa. Ya hau rumbu ya tambayi ƙungiya, yana ihu don rezo ya ji da kyau.

"Ƴan uwa! Ina da mutum biyu. Wannan ba ya faɗuwa, wancan ba ya faɗuwa. Yaya za a yi ɗaya ya ci?"

Amsoshi suka fara shigowa. Wani yaro daga Dakar ya yi magana da faransanci, ban ji ba, amma dariyar na ji ta. Wani daga Kano ya ce ya mayar da shi wasan rawa. Lailatu ta ce, "Mai Nasara, wannan ba matsalar na'ura ba ce. Ka je ka janye alkawari ɗaya. Kuma turo abin da ka yi mu duba maka kafin ka nuna wa jama'a."

"Kin ji, Iya? So suke su sace."

"Su sace mi?"

"Basira."

"Ka bar ta a buɗe, ba wanda zai ɗauka."

Ya yini a ɗaki. Da la'asar ya fito yana tafa wa kansa.

"Iya! Mi ke sa mutum ya faɗi?"

"Rashin jin magana."

"Ƙasa! In bayanka bai taɓa ƙasa ba, ka faɗi? In gwiwarka ba ta taɓa ƙasa ba, ka faɗi? To na cire ƙasar. Zanenta na nan, ido zai gani, amma na gaya wa na'ura kada ta taɓa kowa. Babu ƙasa, babu kaye. Kowa ya samu alkawarinsa."

"A kan mi za su tsaya?"

"Iya, ke ba ki yi karatun lakwal ba."

"Ka gwada?"

"Direkta ba ya gwaji. Ranar kasuwa kowa zai gani, har ni."

Ranar kasuwa ta zo. Ya aro tele daga mai gidan kallo, ya aro injin wuta, ya roƙi esansi, wato fetur, a kwalba daga wani ɗan kabu-kabu da alkawarin zai sa babur ɗinsa a wasa na gaba. Aka kafa a ƙarƙashin babban gawo bayan azahar. Mutanenmu suka zauna gabas da makaɗan Dodo, mutanen Kanan-Bakashe suka zauna yamma da makaɗin Na Allah. Maigari Sha'ibu ya zo aka sa masa kujera. Sojoji biyu masu tsaron hanyar Tasawa suka ga taro suka zo su ji ko da izini, da suka ji kokowa ce sai suka nemi benci.

Lailatu ma ta zo a motar kasuwa, don al'adar ƙungiyarsu ce in ɗaya zai nuna wasansa, wanda ke kusa ya je ya tsaya masa. Yarinya ce siririya, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata. Ta zauna cikinmu mata, ta nuna mana nata wasan a waya. Ƙaramin abu ne: wata mata na jan guga a rijiya, in ka yi gaggawa igiya ta kuɓuce guga ya faɗa. Habsatu ta karɓa ta ƙi bayarwa. Na ce matar ba ta ɗaura zaninta da kyau ba. Lailatu ta ce za ta gyara. Ta ce abu ɗaya ya rage mata, ba ta samu ƙarar da za ta sa in guga ya faɗa ba.

Mai Nasara ya hau turmi ya yi jawabi. Ya gode wa kansa. Ya ce daga yau za a san ƙauyenmu a Faransa da Sin. Ya miƙa wa Dodo waya ɗaya, Na Allah ɗaya, ya nuna musu inda za su danna. Babban yatsan kowannensu ya rufe rabin wayar.

Aka buga ganga. Tele ta kawo haske.

Ga fili, ga rana, ga mutum biyu masu jiki kamar damin kara, an liƙa wa kowanne hoton fuskarsa. Jama'a suka yi sowa. Sai suka fara motsi. Na Dodo yana kaɗa hannu ta baya yana juyi, kamar mai korar wani abu da ba a gani. Na Na Allah yana kai hannu kafaɗa, yana kaiwa baki, yana kai hannu kafaɗa, yana kaiwa baki.

"Wane kamu ne wannan?" in ji maigari.

"Sabon salo ne, ranka ya daɗe."

"Naku rawa yake yi!" in ji mutanen yamma.

"Naku ci yake yi! Ko a tele ba ya ƙoshi!"

Ana cikin haka wata yarinya ta ce, "Ina ƙafafunsu?"

Ƙafafun sun shige ƙasa. Ba su kama juna ba, ba wanda ya taɓa wani, amma suna nutsewa kamar an ajiye dutse a kunu. Idon sawu ya tafi. Ƙwauri ya tafi. Gwiwa ta kai.

"Ta Dodo ta riga shiga!"

"Ƙarya! Ta Na Allah ce!"

"Danna, Dodo! Danna!"

Dodo ya danna har wayar ta yi ƙara. Ƙugu ya shige. Ƙirji ya shige. Saura kawuna biyu a kan rairayi suna kallon juna kamar kankana a gona. Makaɗa ba su san wa za su yi wa kirari ba, suka rage hannu. Sai kawunan ma suka ɓace. Tele ta bi su ƙarƙashi, ga su can cikin wani shuɗin fili marar iyaka, suna ta faɗuwa, suna ta faɗuwa, ɗaya na korar abin da ba a gani, ɗaya na ci.

Wani tsoho ya cire hula. "Inna lillahi. An binne su da rai."

Uwar Dodo ta tashi daga cikinmu da kuka. "Ku fito min da ɗana! Kai ɗan gidan Zara'u, fito min da ɗana!"

"Inna, ga ni nan," in ji Dodo.

"Yi min shiru, ba da kai nake ba!"

"Ranka ya daɗe, a lura," in ji Mai Nasara, gumi na bin tabarau, "har yanzu ba wanda ya taɓa ƙasa. Na cika alkawari."

"Yaushe za su iso?" in ji ɗaya daga cikin sojojin.

"Iso ina, mon sarjan?"

"Inda za su."

Lailatu ta ɗaga murya. "Mai Nasara, kashe kawai. Danna na sama, na hagu."

"Na sani! Kada a koya min aikina!"

Ya danna na ƙasa, na dama. Shuɗin fili ya ɓace. Sai ga filin ƙauyenmu na gaske a tele, da hantsi, ga Dodo baƙi ƙirin da curin dawo a goshi, ga awaki. Kowa ya ga bunsurun maigari ya ja da baya. Kowa ya ga ya auna. Kowa ya ga gwiwoyin nan biyu sun sauka. Da ya ƙare sai ya sake farawa da kansa.

Mutanen Kanan-Bakashe suka zube ƙasa don dariya. Makaɗinsu nan take ya fara yi wa bunsuru kirari. Maigari ya rasa ko ya yi fushi ko ya yi alfahari, tunda dabbarsa ce. Na Allah ya dafa kafaɗar Dodo ya ce, "Haba ɗan uwa, da ka faɗa min mai kayar da kai yana da ƙaho, da na nemo."

A daidai nan Habsatu ta jingino da ni tana share hawayen dariya. "Ai Iya ba laifin awaki ba ne. Geron nan naki akwai ƙamshi. Ban taɓa daka irinsa ba, ɗan gajere, cike da ido. Jiya dai ya ce wanda ya kawo shi ne na ƙarshe."

Ban yi ihu ba. Na tashi na tafi gida, na sa tsani, na ɗaga jinkar nan mai kyau. Na ga gindin rumbu. A share yake tas, har ya yi shara.

Da na dawo kasuwa Dodo na riƙe da hannunsa ɗaya, Na Allah na riƙe da ɗayan, suna gardamar wa zai fara. Ɗaya daga cikin sojojin ya miƙe tsaye, kowa ya natsu. Na gaya wa maigari abin da na gani a rumbu. Dariyar ta mutu. Kowa a wurin manomi ne, kowa ya san abin da ake nufi da rumbun iri a share ana saura kaɗan hadari ya fara haɗuwa.

"Iya, aro na yi," in ji Mai Nasara. "Da wasan ya fita duniya, tirela zan..."

"Rufe bakin nan."

Ya rufe. Ban taɓa ganin haka ba.

"Iya Zara'u," in ji maigari, "ke aka fi cuta. Faɗi."

Na ce ba na son geron kasuwa, don ban san uwarsa ba ban san ubansa ba. Irin maigidana nake so. A shekarun baya duk wanda ya zo neman iri, Malam, maigidan nawa, bai taɓa hana shi ba. Akwai gidajen da suka karɓa a Kona, akwai a Kanan-Bakashe, akwai har wajen Mayahi, kuma na san su duka. Ba za su hana ni ba. Amma ba za a ba ƙato mai lafiya kyauta a shekarar da kowa ke lissafin bakin ƴaƴansa ba. Zai bi su gida gida, a ƙasa, ya yi wa kowa sassabe da sharar gona, a ba shi abin da aka ga dama, ya ɗauko a kai ya kawo min kafin ruwan farko.

"Iya, mu fa?" in ji Dodo.

"Kada ku taɓa masa hannu, da su zai yi sassabe. Sauran jikin naku ne."

Aka buɗe fili. Makaɗan gabas da na yamma suka haɗa kiɗa, abin da ba su taɓa yi ba. Dodo ya cire wa Mai Nasara tabarau ya miƙa wa maigari, ya ɗaga yaron sama kamar buhun ƙaiƙayi.

"Direkta. Akwai ƙasa ko babu?"

"Akwai, Yaya! Wallahi akwai!"

"Bari dai ka gwada. An ce ba ka gwaji."

Ya sake shi. Ƙarar da ta fito daga bakin jikana ba zan iya kwaikwayon ta daidai ba. Ta fara da "Wayyo Iyaaa", ta yi tsawo, ta ƙare da wani "tim". Na Allah ya jira ya miƙe, ya kakkaɓe masa riga da ladabi, ya ce shi bai ji amsar da kyau ba daga inda yake tsaye. Aka maimaita.

Lailatu ta matso kusa da ni, waya a hannu. "Iya, ki yi haƙuri, wayata na buɗe, ta ɗauki muryar nan. Daidai take da abin da nake nema wa gugana. Amma ba zan sa ba sai da izini."

"Izinin wa?"

"Nasa, ko naki."

Na dube shi, yana kwance yana kallon ganyen gawo. "Kai, ka yarda?"

Ya ce wani abu da ya yi kama da i.

"Ɗauki, ɗiyata. Shi ne abu na farko da ya ƙera mai amfani."

Washegari ya ɗauki gatari da gora ya kama hanya. Ya yi sassabe a Kona, ya yi a Kanan-Bakashe inda yara ke binsa suna kukan bunsuru, ya yi har wajen Mayahi. Tafin hannunsa ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Ya dawo baƙi, siriri, da ɗan dami a kai wanda bai kai rabin abin da ya ɗiba ba. Na duba zangarniya ɗaya ɗaya, irin Malam ne. Ruwan farko ya sauka, muka shuka gonar gabas kawai, ta yamma ta kwana fayau a shekarar. Shi ya yi noman duka, na fari da maimai, ni ina zaune a inuwa ina nuna masa inda ya tsallake.

Ƙungiyar ba ta kore shi ba, ban san dalili ba. An ce yanzu yana kan ƙwallon nan. Yana faɗowa, in ji shi. Tashi ne bai yi ba tukuna.

Wasan Lailatu kuwa ya bazu, ta kuma gyara wa matar zani. Babu wayar yaro daga Tasawa har Mayahi da ba ya ciki. Kuma yaran ba don su cika tulu suke bugawa ba. Jira suke su hango Mai Nasara ya shigo kasuwa, ko ya tsaya gaida surukan da yake fatan samu, sai su saki igiya da gangan. Guga ya faɗa, jikana ya yi ihu daga aljihun mutane, ya kira sunana, ya ƙare da tim.